Wai Buhu Nawa Na Ɗauko

Jama'a, yau saura ƙiris a ƙwace min mota a bodar Jibiya!

Kun san 'yar jar motar nan tawa, irin wadda kamfani bai ƙera da yawa ba. Na sa bakanike ya sauke ta ƙasa, ya cire kujerun baya saboda gudu.

Wani jami'i ya tare ni. "Malam, shinkafa buhu nawa ka ɗauko? Mota har tana shafar ƙasa!"

Na rantse ba komai. Ya buɗe but, ya leƙa ƙarƙashi. Wayam!

"Wai da kanka ka durƙusar da ita, babu kaya?"

"E, ranka ya daɗe, ado ne."

Ya daɗe yana kallona. "Wuce, Allah ya ba ka lafiya."

Ni fa lafiyata ƙalau!