Cigiyar Ragon Da Bai Ɓata Ba

Filin tsakiyar garinmu Jega ba shi da wani ado, ko shinge babu, amma duk abin da ya faru a gari sai ya ratsa ta nan kafin ya zama labari. Da ina yaro, jakuna ke sauke albasar Aliero a gefen gabas, bayan kaka kuma a share tsakiya a yi dambe da kokawa. Nan 'yan siyasa ke kafa rumfa su yi mana alkawari, su tafi, su dawo da shi wani zaɓen ko tsufa bai yi ba. Yanzu masu cajin waya da 'yan kabu-kabu sun cinye rabin wurin.

Mahaifina shi ne mai shelar filin. Akwai wani tsohon turmi da aka kife kusa da masu tsire, kansa yake hawa ya yi cigiyar akuya ko sanarwar gayya. Da waya ta cika gari, kowa ya koma ɗaukar hoton abin da ya ɓata ya tura wa jama'a, aka daina nemansa. Bai yi ƙorafi ba. Fita kawai ya daina, ya koma zaman zaure yana gyangyaɗi, mutumin da a da ko gaisuwa ya yi sai kaji sun watse. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ni malamin makaranta ne, mu kuwa malamai gani muke a kanmu aka gama rabon dabara. Wata safiya na ja farin ragonmu na kai gidan wani abokina, na ce ya ɓoye mini kwana biyu, kada ya faɗa wa kowa. Na dawo gida ina salati, na ce wa Baba rago ya ɓata. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, abokin nan nawa mahauci ne.

Baba ya zura babbar riga, muka nufi fili. Na riƙe masa hannu ya hau turmi, ya gyara murya.

"Jama'a, salamu alaikum! Ku saurara! Wa yag ga rago hwari mai baƙin kunne? Wanda duk yag gani shi taimaka don Allah!"

Masu caji suka rage kiɗa. Tsofaffin da ke zaune gindin bishiyar bedi suka miƙe suna cewa ashe yana nan da ƙarfinsa. Ni kuwa ina gefe kaina ya kumbura, ina yaba wa kaina.

Ba a yi la'asar ba wani mai albasa ya ce ya ga ragon ɗaure bayan gidan mahauci. Kafin in buɗe baki mutane sun tafi sun taho da rago da mai gidan. Ragon cigiya a gidan mahauci! Wa zai tsaya jin bayani? Abokina ya tsaya tsakiyar fili yana kallona, bai tona ni ba, don ya yi mini alkawari. Na san in maganar nan ta kwana a haka, babu wanda zai ƙara sayen namansa a Jega.

Na matsa kusa da Baba. "Baba, ni nik kai shi can."

"Mi kac ce?"

"Ni nik kai shi. So nike ka hito."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Sannan ya sake hawa turmi, wannan karon bai nemi hannuna ba.

"Jama'a! Mahauci ba ya da laihi! Ɓarawon ga shi nan tsaye, ɗana na cikina, malamin makaranta!"

Fili ya kece da dariya, har da iyayen ɗalibaina. Aka shiga bai wa abokina haƙuri, ni kuma aka miƙo mini igiyar rago.

Muka kama hanyar gida, Baba a gaba, ni a baya ina jan rago ina jiran faɗa. Sai da muka iso ƙofar zaure ya juyo, muryarsa ta dishe.

"Kai, hwaɗa min gaskiya ko sau guda yau. Waɗanda ka can nesa bakin tasha sun jiya ni?"

Na ce sun ji, Baba. Ya gyaɗa kai ya shige, ya bar ni a ƙofa ina share ido.