Ajon da Aka Hana Darlene Shiga

Bana shekara talatin da takwas ke nan da muka binne Darlene. Gashina ya yi fari, na bar aiki, amma ban huce ba.

A garin Hyattsville, a nan ƙetare, na san ta, farkon zuwana daga Kaduna karatun aikin jinya. Ƙofarta na kallon tawa. Baƙar fata ce 'yar nan ƙasar. Tana aiki a kicin ɗin wata makaranta, ranar Asabar kuma tana waƙar da suke kira soul, wadda ta taso daga majami'unsu. Ta girme ni, sai na riƙa ce mata Yaya, ita kuma ta karɓi sunan hannu bibbiyu.

A wurinta na gane ashe su ma suna da ajo irin namu na gida. In gidan wani ya ƙone, ko aka kama ɗan wata babu kuɗin lauya, ko aka yi rasuwa babu na akwatin gawa, sai a buɗe zauren da ke ƙasan majami'a, a soya kaji da kifi, a kira makaɗa. Al'adar ta girme ta. Uwarta ma ta yi irin wannan waƙa a zamanin da ake kulle masu zanga-zangar neman 'yanci. Kowa ya sani, in babu Darlene kujeru ba sa cika, kuma ko kuɗin mota ba ta taɓa karɓa ba.

Sai ta fara ramewa. Ciwon da yanzu muke kira ƙanjamau ne, a lokacin ko sunansa ba a faɗa da ƙarfi. Ban taɓa tambayarta inda ta samo shi ba. Matan kwamitin majami'a kuwa sun tambayi juna har suka gaji. Makarantar ta sallame ta.

Duk da haka suka shirya mata ajo, don gudun bakin duniya. Ranar, na taya ta saka jar rigarta, sai da muka kama ta da fil ta baya don ta yi mata yawa. Tun a mota take gwada murya. Waƙa ɗaya tak take so ta yi, ta gode wa mutane.

A bakin matakala Misis Coleman, shugabar kwamitin, ta tare mu. Da waƙar Darlene aka binne mijin wannan matar.

"Darlene, 'yar'uwa, ki koma ki huta," in ji ta, tana ja da baya. "Akwai abinci a ciki, akwai yara."

Na ce, "Mama, aikin asibiti nake yi. Ba a ɗaukarsa ta iska."

Ko kallona ba ta yi ba. "Makaɗa sun ce in ta taɓa makirufo, tafiya za su yi."

Darlene ta ce, "To bari in tsaya can baya, in saurara kawai."

"Za ki ji daga mota. Za mu buɗe taga."

Sun kuwa cika alkawari, sun buɗe. Muka zauna a mota, wata mawaƙiya tana rera waƙoƙin Darlene, jama'a na tafi. Muka ji fasto yana sanar da cewa jiki bai bar 'yar'uwarmu ta fito daga gida ba, a yi mata addu'a. Aka yi, har da masu kuka. Na ji Darlene ta ce amin tare da su. Can wani dattijo ya kawo kaza a farantin takarda, ya ajiye a kan bonet, ya juya da sauri. Abin da aka tara kuma ta ƙarƙashin ƙofa aka turo mata washegari.

Ba ta sake waƙa ba. Kafin sanyin shekarar ya wuce ta rasu, kuma masu rakiyarta ba mu cika benci biyu ba. Inuwar giginya ce Yaya, na nesa ne suka sha.

Yanzu ciwon ya zama na haɗiyar ƙwaya. Na yi jinyar masu shi da suka ga jikokinsu. Taimako ma ta waya ake turawa, babu sauran tare mutum a ƙofa. Majami'ar nan kuwa duk shekara tana ajo da sunan Darlene. Ana turo Misis Coleman a keken guragu zuwa sahun gaba, ta share hawaye, ta gaya wa matasa cewa ita ta riƙe marigayiya har ƙarshe. Wanda ya riga ka barci dai shi zai riga ka tashi, amma wanda ya daɗe bayanka shi ke ba da labarinka.

Nakan tambayi kaina, da za ta ga wannan, me za ta ce? Na san ta. Cewa kawai za ta yi, "Wa ake tara wa?" ta miƙe ta nufi dandali. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Me ya rage nata? Ba a taɓa ɗaukar muryarta a kaset ba, waɗanda suka ji ta kuma muna ƙarewa. Sunanta na hannunsu, suna cika kujeru da shi. Gaskiyar ce kawai ke hannuna, ni ma kuma tafiya ta yi nisa.

Bana sun kira ni in zo in yi jawabi, a matsayin aminiyarta. Na ce zan zo, in za su bar ni in faɗi inda ta zauna a ranar. Har yau ba su sake kira ba.