Kwamfutar Malam Haladu Mai Ɗaki Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani da hantsi ya san wannan tsayuwar. Malam Haladu Ma'aji zai yaye atamfar da yake lulluɓe kwamfuta da ita, ya ninke ta gida huɗu, ya yi bisimilla, ya danna maɓalli, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya ya ƙame kamar balbela a bakin kanal. A wannan lokaci ko sallama ka yi ba zai amsa ba. Baƙin allo ne ke fitowa da layi biyu, yana ba mutum daƙiƙa goma ya zaɓi inda zai shiga. Sai ya zaɓa, ya sauke numfashi, sannan ya juyo ya ce, "Wa alaikumus salamu. Da ka sa na faɗa ɗakin wasa, da kai za ka biya man janareto."

Ni ne magatakardan ƙungiyar nan shekara goma sha ɗaya, kuma ban saba rubuta abin da ban gani ba. Na ɗauki alƙalami ne a fusace, saboda wata magana da aka yi a zaman makokinsa, aka ce ya tafi da lissafinmu. Ku 'yan ƙungiya kun ji ta, kun yi shiru. To, ku saurara.

Ga waɗanda suka manta asalin ɗakunan nan biyu: tsohuwar kwamfutarmu ta mutu a shekarar da ruwa ya cinye shinkafar gabas da gada. Muka sayo sabuwa daga Kano. Aka kunna, sai manhajar lissafin da ke riƙe da sunan kowane manomi, da kuɗin ruwansa, da kason takinsa, ta ƙi buɗewa, domin ba ta jituwa da sabon tsarin da ke tafiyar da na'urar. Mai shagon ya ce mu sayi sabuwar manhaja, mu sake shigar da komai da hannu.

Malam Haladu ya ce, "Nawa?"

Aka faɗa masa. Ya ce, "Buhun taki nawa ke nan, Hedimasta?" Haka yake kirana, don na yi shugaban makaranta kafin na yi ritaya.

Na lissafa na gaya masa. Ya sa hularsa ya fita.

Mako uku yana shiga motar farko zuwa Kano, da ƙosansa a ƙulle a leda don kada ya sayi abincin birni. Dattijo mai furfura ya je ya tare a shagon wani mai gyara har mutumin ya gaji ya koya masa. Ya dawo ya tara mu ya yi bayani irin nasa. Ya ce cikin kwamfuta gona ce. Za a yi kunya a tsakiya a raba ta biyu: gefe guda sabon tsari, kowa ya buga wasiƙarsa, shi ya kira ɗakin wasa; ɗaya gefen tsohon tsari, lissafi ya zauna shi kaɗai, shi ne ɗakin lissafi. Ciyaman, Alhaji Ɗanjuma, ya ce to a raba yanzu mana, yana da ɗaurin aure a Madobi.

"Alhaji, ka taɓa sa galma a gona alkama tana tsaye?"

"A'a."

"To, sai na kwashe amfanin tukuna."

Yini guda ya yi yana kwafe komai a ƙananan faya-fayai kafin ya taɓa kome. Alhaji bai samu ɗaurin auren ba, kuma ina kyautata zaton bai taɓa yafewa ba.

Sai dokokinsa! Ba a shiga ɗakin lissafi da wutar gwamnati, domin tana ɗaukewa ana tsakiyar rubutu. Sai da janareto, kuma sai ya tsoma kara a tanki ya ga inda mai ya tsaya. Ba a barin ɗaki ɗaya a shiga ɗaya sai an kashe na'urar gaba ɗaya, an sake kunnawa. Idan ka yi ƙorafin ɓata lokaci, sai ya ce, "Ba a buɗe getin ruwa biyu a kan kwami ɗaya, sai dai in taɓo kake nema." Mafi ban dariya kuwa ita ce totuwa. Ya feƙe totuwar kara daidai ramin da ake soka filashi. In zai shiga lissafi, sai ya toshe ramin da ita, yadda muke toshe ɓular kanal. In ya gama, ya zare ta ya mayar aljihun gaba tare da asuwakinsa. Wallahi na taɓa ganin ya ciro totuwar ya kai baki.

Mun yi dariya, har da ni. Ranar da Alhaji ya dawo daga aikin Hajji ne dariyar ta ragu. Ya zo da filashi cike da hotuna da aka zuba masa a wani shagon buga takardu, ya tarar Malam yana cikin lissafi.

"Malam Haladu, cire wannan karan in nuna wa mutane hotuna."

"Allah ya karɓi ibada, Alhaji. Sai na fito."

"Ni ne fa ciyaman!"

"Na sani, ni na ƙirga ƙuri'un. Filashin ne ban san ina ya kwana ba."

Alhaji ya jira yana huci har aka koma ɗakin wasa, ya soka abinsa. Kwana biyu tsakani, ɗakin wasa ya haukace: takardu suna haihuwa, wasiƙata ta neman gyaran geti ta zama guda bakwai, babu wadda ke buɗewa. Cuta ta shiga. Malam Haladu ya kashe, ya kunna, ya ɗaga yatsa, ya shiga ɗakin lissafi. Komai na nan lafiya lau. Ya juyo a hankali ya ɗaga totuwar sama, ya ce, "Alhaji, ka gaishe ta. Ta fi maigadinmu aiki, kuma ba ta karɓar albashi."

Akwai kuma tafiyar ranar kasuwa. Kowace ranar kasuwar Bunkure sai ya kwafe lissafin mako a faifai, ya rubuta kwanan wata, ya naɗe a tsumma, ya hau kekensa mai kukan nan ya kai gidan yayarsa Hasiya a can Bunkure. Na taɓa tsare shi na ce, "Haba Malam, ga durowa mai makulli a nan!"

Ya ce, "Hedimasta, ka yi karatu amma ba ka da rumbu. Wa ke ajiye iri da abinci a ɗaki ɗaya?"

Na ce tsufa ne. Na rubuta wannan don a san ni ma ina cikin masu laifi.

Da damina ciwo ya kwantar da shi. Wata biyu ba ya fitowa. Ɗakin wasa kuwa tun cutar nan bai sake miƙewa sosai ba, nauyi yake yi. Sai Alhaji ya kawo surukinsa daga Kumbotso, wani magidanci mai jakar sukundireba da kowa ke kira Injiniya. Suka nemi makullin ofis, kuma ni na ba su. Na dai ce masa, "Injiniya, akwai ɗaki na biyu a ciki, a kula." Ya yi murmushi irin na mutanen birni, ya ce, "Baba, ku bar mana aikinmu." Ya tsinci totuwar a kan tebur ya tambayi ko yara ne ke wasa a nan, ya wurgar da ita ta taga. Na tafi sallar azahar. Kafin in dawo ya wanke na'urar tas, ya share kunyar, ya mayar da gonar ɗaya. Har yana alfahari wai ya samo mana fili da aka bari a banza. A banza! Lissafin shekara tara!

Ban gaya wa Malam ba. Na je dubiya sau uku, bakina ya kasa. Ya rasu bai sani ba, ko kuma haka na zata.

Sai ga noman rani ya matso, za a raba ranakun ruwa, babu wanda ya san wa ya biya, wa bai biya ba. A nan ne, a kan tabarmar makoki, gawa ba ta yi kwana uku ba, Alhaji Ɗanjuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma mutumin nan ya rufe lissafi shi kaɗai, ya tafi da shi. Wa ya san abin da ke ciki?" Kuka gyaɗa kai. Mutumin da ya taɓa tafiya a ƙasa daga ofis har bayan kanal don ya mayar wa wata gwauruwa canjin naira biyar! Shi ake yi wa wannan shaguɓen, daga bakin wanda ya kawo mai shara!

Washegari na hau babur zuwa Bunkure. Yaya Hasiya tana ganina ta ce, "Hedimasta, kai ne sai yau? Ya ce za ka zo tun kafin a yi bakwai, in dai kunya ta bar ka."

Na ce, "Yaya, ya san abin da ya faru?"

"Ya sani mana. Wani ya tsinci karan nan nasa a bayan taga ya kawo masa. Ya kalle shi ya ce shi ke nan, sun buɗe geti."

Ta jawo tsohuwar tukunyar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Faya-fayai ne jere, kowanne da kwanan watansa. Ga faifan manhajar, ga na tsohon tsarin, ga kuma littafin rubutu na 'yan makaranta, a bangonsa an rubuta: Na Hedimasta. Mataki ashirin da biyu ne, da lamba, na yadda ake raba na'urar. Na farko: "Ka kwashe amfani kafin ka sa galma." Na huɗu: "Kada ka yi sauri, na san halinka." Na goma sha ɗaya: "In ka ga baƙin allo kada ka firgita ka kira wani." Na ƙarshe, wanda ya ƙara a gadon jinya: "Ka feƙe sabuwar totuwa. Ta dawa ta fi ƙarko."

Kwana huɗu na yi ina bin matakan. Sau biyu na yi sauri a mataki na huɗu na koma farko. Ran na biyar lissafin ya buɗe a gaban kwamiti, muka gwada da takardar banki, bai saɓa da ko kwabo ba. Kuma tunda an tambaya wa ya san abin da ke ciki, ga abin da ke ciki: manomi ɗaya ne tak a layin gabas bai biya kuɗin ruwa ba rani biyu a jere. Malam Haladu ya rufa masa asiri yana raye, a gefen sunan ya rubuta, "A yi masa uzuri, ya yi hidimar Hajji." Ni ba ni da haƙurin marigayi, amma saboda shi ba zan faɗi sunan ba. Abin da nake nema shi ne wanda ya yi maganar a kan tabarma ya janye ta a kan tabarma, a gaban Yaya Hasiya, kuma zan shigar da hakan cikin littafin taro.

Yanzu ni ke yaye atamfar da safe. Jiya na tsinci kaina a tsaye da yatsa a sama, wani yana ta sallama a ƙofa ban amsa ba.

Ya Allah, bawanka Haladu ya tsare amanar da bai ci ko ƙwayar shinkafa a cikinta ba. Ka sauƙaƙa masa nasa hisabin, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa wa wasu, Ka shayar da kabarinsa da rahama. Mu kuma da muka yi masa dariya, Ka yafe mana. Amin.