Ya Ce A Jira Jaki

Lawali ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni a Korahane, ina tsugunne gaban mai shayi. Da aka kira ni a waya na ce ƙarya ne. Na ɗauka ramuwa yake yi, don ni na saba aika mishi da irin wannan shirmen. Sai da na jiyo kukan mata a bayan mai maganar na ajiye kofin.

Ga wanda bai san shi ba: Lawali mai faci, na bakin tashar Dakoro, mai rumfar nan da tsofaffin tayoyi suka zame mata katanga. Ɗan kawuna ne, taubashina. Tun muna makarantar allo nake tsokanarshi, kuma ban taɓa ba shi hutu ba.

Mun binne shi bayan azahar. Ƙasar makabarta na nan a ƙafata. Abin da na ji ana faɗa a can, tun ba a gama maida ƙasa ba, shi ya zaunar da ni rubutun nan.

Amma bari in fara da shi kanshi.

Wata Juma'a na bi baburan da aka jera a ƙofar masallaci na sace musu iska da tsinke, sannan na tsaya ina nuna wa masu su rumfar Lawali. Na ce kasuwa na kawo mishi. Ya busa musu duka kyauta, yana ba su haƙuri. Da suka tafi ya kamo ni ta wuyan riga ya damƙa mini tiyon busa iska.

"Tunda kai ne sarkin sacewa, yau kai ne mai maidawa."

Har la'asar ina cikin rana ina busa tayoyin mutane. Da na gama ya saya mini fura da nono. Haka faɗanshi yake ƙarewa kullum, da wani abu a cikin kwano.

Bara ɗan wani Alhaji, babban dillalin dabbobi, ya shigo da wata jar mota daga Kwatano. Ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ko akuya ɗaya ba za ta ɗauka ba. Motar gudu ce. Ba zan kama sunanshi ba, kun san shi.

Samari suka samu wani fako a hanyar Birnin Lalle, ƙasa mai tauri kamar daɓe, suka zagaye shi da tayoyi ya zama filin tsere. Tayoyin ma daga katangar Lawali aka kwasa.

Lawali ya haukace a kan motar nan. Ya cika wayarshi da bidiyon masu tsere na ƙasashen waje, amma ba gudun yake kallo ba. Mutanen da ke tsugunne a gefen taya yake kallo.

Kafin a fara, zai auna iska taya tana sanyi. In an zaga fili an dawo, ya ruga ya sake aunawa tana da zafi, don zafi na kumbura iskar, sai ya ɗan rage. Ya ɗora tafin hannu a kan kowace taya kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗa. Wai ta waje ta fi ta ciki shan wahala a kwana.

Na laƙaba mishi Likitan Roba. In na zo nakan ce, "Likita, ya jikin tayar hagu? Ta samu barci?"

"Da sauƙi. Kai ne dai har yau ba a gano maganinka ba."

To ga inda maganar take, ku karanta da kyau.

Kafin a kai fakon nan akwai rairayi mai zurfi. Duk direban da ke bin daji a ƙasar nan ya san yadda muke yi: ka sauka ka rage iska sosai, taya ta baje, ta taka rairayi ba ta nutse ba. In ka fita ka maida iskar. Motocin kasuwa sukan lallaɓa a haka har su iso gari. Motar gudu ba ta san lallaɓawa ba.

Shi ya sa injin busa iskar Lawali ke biyo su a baya, a kan amalanken Baba Idi, dattijon nan mai jigilar ruwa. Jaki ke ja. Motar da ta fi komai gudu a Dakoro sai ta tsaya a bakin fili ta jira jaki.

Ban taɓa samun abin dariya kamar wannan ba. Har kirari na yi wa jakin, na ce shi ne babban direba.

Shekaranjiya na biya ta rumfarshi zan wuce Korahane. Yana sunkuye a kan wata taya, na zare ma'aunin iskarshi daga aljihu na cusa a cikin hulata. Ko juyowa bai yi ba.

"Ciro shi, ɗan Gwaggo. Kanka ba ya bukatar awo, kowa ya san a cike yake."

Ya dubi tayar babur ɗina ta baya, ya ja tsaki, ya ƙara mata iska. Ya ce ta gama aiki, in na dawo zai canja mini, ya ajiye mini wata mai dama-dama. Ya ce gobe akwai baƙi daga Maradi za su zo kallon mota.

"Ka dawo da wuri ka gaida ubangidanka jaki."

Na ce ya isar mishi da gaisuwa, ai gida ɗaya suke. Ya jefo ni da tsumma, na goce.

Shi ke nan. Maganarmu ta ƙarshe a duniya a kan jaki muka yi ta.

Abin da ya faru jiya da la'asar, mutum biyu da ke tsaye a wurin ne suka faɗa mini, kowannensu yana roƙona kar in ambace shi. Sauran daga bakin Baba Idi na ji.

Baƙi sun zo da manyan wayoyinsu. An kai bakin rairayi, Lawali ya rage iska kamar kullum, mota ta haye. Aka tsaya a bakin fili, jaki na can baya. Rana ta fara yin ƙasa, masu ɗaukar bidiyo suka ƙosa. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa mai motar, "Wai da gaske jaki kake jira?" Aka kwashe da dariya.

Na san dariyar nan. Amma ni Lawali nake yi wa ita, kuma shi ba ta taɓa sa shi ya tada mota ba.

Mai motar ya shiga ya murza makulli. Lawali ya zo ya tsaya a gabanta.

"Alhaji ƙarami, a jira jaki. Tayoyin nan a kwance suke. In ka sha kwana da su a guje, roba za ta bar ƙarfe."

"Zagaye ɗaya ne, a hankali. In tsoro kake ji matsa."

Lawali bai matsa gefe ba. Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Ya ce wa wanda ke kusa da shi, "Bari in shiga. In ina ciki zai ji kunyata ya rage."

Bai ji ba.

A kwanar can ta nesa tayar gaba ta zame daga ƙarfenta, ƙarfen ya caki ƙasa, mota ta yi ta birkicewa. Baba Idi ya ce yana fitowa daga rairayi ya hango ƙura ta tashi. Da ya iso, har an saka mai motar a cikin motar baƙi an yi gari da shi, da ƙujewa a gwiwar hannu.

Lawali kuwa sai aka sauke injin daga amalanke aka kwantar da shi a wurin. Jakin da aka ƙi jira, shi ya kawo shi asibiti. Daga nan aka ce sai Maradi. A hanya ya cika.

Yau a makabarta, ina riƙe da ƙasa a hannu, na ji wani a bayana yana cewa, "An ce mai facin ne ya rage wa motar iska." Wani ya amsa, "Kuskuren ma'aikaci ke nan, Allah ya kyauta."

E, shi ya rage. Don rairayi ya rage. An yanke maganar a tsakiya an ba gari rabi, saboda mai sauran rabin yana cikin likkafani.

Kuma mutanen da ko atishawa motar nan ta yi sai sun ɗauka sun watsa, yau duk wayoyinsu babu komai. Wannan ta cika, waccan caji ya ƙare.

Da muka dawo, mahaifiyarshi Inna Rabi ta sa aka kira ni ɗaki. Ba ta kuka. Ta ce, "Kai ba ka iya riƙe magana ba tun kana yaro. Gaya mini, da hannunshi ya jawo wa kanshi?"

Na ce, "Inna, cewa ya yi a jira."

"Da bakinshi ya faɗa?"

"Da bakinshi, a gaban kowa."

Ta ce, "To ka faɗa a waje. Ni tsohuwa ce, muryata ba ta wuce zaure."

Ga shi na faɗa.

Na san ajali ne, ba sai an tuna mini ba. Ba na neman a ɗaure kowa. Amma Lawali ya bar ’yar ƙaramar yarinya, kuma ba zan yarda ta girma ana nuna ta ana cewa ubanta bai iya aikinshi ba. Duk wanda ke da bidiyon nan, ya ji tsoron Allah ya fito da shi.

Ɗazu na bi ta rumfar. Tayar da ya ajiye mini tana rataye a ƙusa, ya rubuta mata da alli: ta mahaukaci. Na kasa sauke ta.

Ya Allah, ga Lawali nan ya zo maka. Ka yafe mishi, ka yalwata mishi kabarinshi, ka sa ya huta. Ka sanyaya zuciyar Inna, ka raya abin da ya bari.

Wanda duk ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi mishi addu'a, ko Ƙulhuwallahu ɗaya ce. In kuma za ku ba da labarinshi a majalisa, ku ba da shi har da jakin.