Ranar da Inna Gambo Ta Yi Gugguru a Gaban Nas

Na daɗe a wannan aiki na kula da tsofaffi a gidajensu, na shiga gidaje iri-iri daga unguwannin Bronx har Flatbush, amma har gobe ban manta da ranar da nas ta zo duba Inna Gambo ba. Ku da kuka fara kwanan nan ku buɗe kunne, don abin da Zinatu ta yi a ranar ba a koyar da shi a ajin horo.

Bari in fara da yadda tsarin yake, saboda waɗanda ba su sani ba. Mu ne a ƙasa, masu shiga gida mu yi wa tsoho wanka da girki da wanki. Sama da mu akwai kodineta a ofis, ita ke raba mana gidaje. Sai kuma nas, wadda take zuwa lokaci-lokaci ta duba ko tsoho zai iya ci gaba da zama a ɗakinsa, ko kuwa ya kamata a fara maganar gidan jinyar tsofaffi. Abin da nas ta gani da idonta yana da nauyi ƙwarai, iyali ma da shi suke yanke shawara.

Inna Gambo 'yar Damagaram ce, ta yi shekara da shekaru tana sayar da atamfa da turaren wuta kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Hannun dama ya yi rauni, ƙafa kuma sai da ƙarfen dogarawa. A unguwar Mount Hope da ke Bronx take zaune da ɗanta Lawali, direban tasi, wanda ba ya dawowa sai bayan isha'i. Mu kuwa da la'asar muke tashi, tsakanin nan ita kaɗai ce a gida. Wata rana Lawali ya dawo ya tarar da abincinta a firji ba ta taɓa ba, ta kasa ɗumamawa, tana zaune da yunwa. Tun daga nan ya fara zancen gidan jinya. Ita kuwa ta rantse idan aka kai ta can, gawarta za a ɗauko.

Matsalar, Inna ta ƙi motsa hannun. Mai koya mata motsa jiki ta ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa, ta cilla ta ƙarƙashin kujera ta ce ita ba jaririya ba ce. Ni Asabar da Lahadi nake zuwa, na yi lallashi har bakina ya gaji.

Sauran ranakun na Zinatu ne. 'Yar zangon Kumasi ce, gajeruwa, ba ta da yawan magana, ta riga ni shiga aikin da nisa. Ita ce ta gano inda za a kama tsohuwar. Wata rana ta zo da guggurun kanti, irin wanda ake sayarwa a ƙunshe da mansa. Inna ta ɗanɗana ta tofar, ta ce wannan ai auduga ce aka shafa wa mai, ita da ta sayar da gugguru da gyaɗa a ƙofar silima tun tana budurwa ba za a kawo mata raini ba. Zinatu ta tafi da maganar a ranta. Sai da ta fara tambayar nas ko gugguru ba zai shaƙe Inna ba, aka ce haɗiyarta lafiya lau. Washegari sai ga ta da masarar gugguru da jakunkunan takarda masu ruwan ƙasa, tana cewa wai ita duk sanda ta gwada a maikirowef, injin ɗumama abinci, ƙonewa yake, Inna ta taimaka ta nuna mata. Zinatu fa! Matar da ke dafa abincin suna ita kaɗai.

Abin ba wuya. A zuba masara kamar cikin tafi a jakar, a ɗiga mai kaɗan da gishiri, a girgiza, a naɗe bakin jakar da kyau ba tare da an sa wani ƙarfe ba, a ajiye a maikirowef a kunna. Daga nan aikin kunne ne: idan fashewar ta fara ja da baya, ana jin ɗaya sai an jira kafin a ji wata, to a kashe, in ba haka ba ya ƙone. Amma ga mai shanyayyen hannu kowane mataki dutse ne. Ɗibar masarar ma kaɗai sai Inna ta yi gumi.

Zinatu ta kira ni ta kafa mini sharaɗi, in dai Inna ta miƙe za ta yi gugguru, kada in taɓa komai. Wallahi abin ya yi mini nauyi. Mu da aka rene mu a kan idan babba ya ɗauki tsintsiya ka yi maza ka karɓe, yau a ce ka zauna kana kallon sa'ar uwarka tana kokawa da jakar takarda? Na bi dai, don na san Zinatu ba ta yin abu a banza.

Maganar ba ta tsaya a ɗaki ba. Hajiya Kande, ƙawar Inna tun zamanin kasuwa, ta shigo wata rana ta tarar da haka. Kafin mako ya zagayo, duk gidan suna da gidan biki a Bronx an ji cewa wata 'yar Gana tana harɗe ƙafa tana sa mara lafiya aiki. Har Lawali Hajiya Kande ta kira ta ce ya nemi a canza Zinatu. Zinatu ta ji komai, a masallaci ma wasu sun daina amsa gaisuwarta da daɗi, amma ba ta je ta wanke kanta wurin kowa ba.

Ranar dubawa, wajen ƙarshen hunturu, kodineta ta ce ni ma in je tunda mu biyu ke riƙe da gidan. Lawali ya ajiye tasi ya zauna. Hajiya Kande ma ta zo ba da gayyata ba, ta ce ita ma tana da abin da za ta faɗa wa nas. Nas ta auna jini, ta duba magunguna, ta kalli tafiyar Inna zuwa banɗaki. Sannan ta ce tana so ta ga Inna ta ɗumama wani abu da kanta. Zinatu ta fassara mata, Inna ta ce ita ba ɗumame za ta yi ba, baƙi ta yi, gugguru za ta ba su.

Ta ja ƙarfenta zuwa kicin, muka bi ta muka tsaya a baki. Ta ɗibi masara, wasu ƙwayoyi suka zube a kan tebur, ta tattara su da gefen hannu. Naɗe bakin jakar ya ɗauke ta lokaci, har Lawali ya sunkuyar da kai. Da ta zo danna lokaci yatsan ya zame, ya ƙara lamba, maimakon 'yan mintuna sai ga abin da ya kusa rabin awa. Na gani, nas ta gani. Na san idan jakar nan ta kama hayaƙi, ƙararrawar gobara ta yi kuka a gaban nas, magana ta ƙare. Ƙafata ta motsa da kanta, sai na ji Zinatu ta damƙe mini tsintsiyar hannu. Ɗayan hannunta yana kusa da wayar maikirowef ɗin da ke jikin soket, amma ba ta cire ba.

Masara ta fara fashewa, tas, tas, sannan ta ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Hajiya Kande ta zaɓi wannan lokacin ta ɗaga murya, tana cewa a dubi Allah, ga manyan mata biyu a tsaye ana azabtar da baiwar Allah. Inna ba ta ko waiwayo ba.

"Kande, rufe mini baki, ina sauraro."

Fashewar ta ragu, ta koma ɗaya-ɗaya. Na fara jin ƙamshin yana neman juyawa. Sai Inna ta ɗaga hannun nan na dama, wanda aka ce ya mutu, ta danna ta kashe. Ta ɗan jira, ta fito da jakar da tsumma, ta buɗe bakin nesa da fuskarta don tururi, ta juye a kwano. Fari tas, sai 'yan kaɗan a ƙasa da suka yi ja.

Nas ta ci, ta ƙara. Sannan ta tambayi Zinatu ko ta lura da lambar. Zinatu ta ce ta lura.

"Me ya hana ki gyara?"

"Da yamma ba na nan," in ji Zinatu. "Kunnenta ne ke nan."

Nas ta gaya wa Lawali cewa ba ta ga dalilin fitar da mahaifiyarsa daga gida ba, sai dai a manna wata alama a kan maɓallin da ya dace, a ci gaba da motsa hannun. Lawali ya shige banɗaki, ya daɗe bai fito ba. Hajiya Kande kuwa ta ɗauki jakarta, amma Inna ta ce ta zauna ta ci, ai ba a kore ta ba.

Da muka fito za mu sauka, Zinatu ta tsaya a kan matakala ta zauna. A nan na ga hawaye na zubo mata, ta kasa ko ɗaura ɗankwalinta da ya zame. Ta ce mini da jakar ta kama wuta, ita ce ta raba tsohuwar da ɗakinta, kuma da ba za ta taɓa yafe wa kanta ba. Ban san lokacin da na zauna kusa da ita ba. Watanni ina ganin kamar abin ba ya damunta, ashe kullum da wannan tsoron take shiga gidan.

To kun ji. A aikin nan yi wa tsoho komai shi ne mafi sauƙi, kuma shi ake yabo, iyali su ce kina da ladabi. Amma duk abin da kika karɓe daga hannunsa yau, gobe ba zai iya shi ba, kuma da yamma ba kya nan. Inna Gambo ta ƙara shekaru a Mount Hope, kuma da Allah ya karɓi abinsa, a kan gadonta ya same ta.