Ranar da Kyamara Ta Kama Mijin Yayata

Mijin yayata mai walda ne, amma idan ka je bakin teku ka tambayi mai walda, ba wanda zai gane wa kake nufi. Mai Tuta suka sani. Duk ƙarshen mako yakan rufe shago, ya dirje baƙin hannunsa, ya saka farar rigar da yayata ta goge masa, ya nufi filin ƙwallon raga na kan yashi, inda ake karawa mutum bibbiyu, ba takalmi. Aikinsa ya tsaya a kusurwa da jar tuta. Ƙwallo ta faɗi cikin igiyar layi, ya nuna ƙasa. Ta faɗi waje, ya ɗaga sama.

Ya yi shekaru yana wannan, kuma ba a taɓa ganin ya yi shakka ba. Ɗan wasa zai zo yana kumfar baki yana nuna shaidar ƙwallo a yashi, shi kuwa ya ƙame kamar turke, ya kalli teku.

Mu 'yan gida mun san abin da filin bai sani ba: walda ta daɗe da cin idon mutumin. Da idona na ga ya gaida tukunyar gas a ƙofar shago, har ya tambaye ta iyali.

"Baban yara, ka je a duba idon nan," in ji yayata.

"Idona ras yake. Tukunyar ce aka ajiye inda mutum ya saba zama."

Sai ƙungiyar wasan ta kawo kyamara da ƙaton allo, aka ce daga yanzu wanda bai yarda da hukunci ba zai iya neman a duba bidiyo. Mijin yayata ya yi sati yana mita a kan tabarma, wai an kawo na'ura ta koya wa manya aiki.

Ranar wasan ƙarshe ni da yayata muna cikin 'yan kallo. Akwai wani direban bas da ake kira Dogo, mai dukan ƙwallo kamar ta zagi uwarsa. Ana kunnen doki ya yi tsalle ya maka ta can kusurwar mijin yayata. Abokin karawarsa ya yi sufa ya share wurin da ƙirji, shaida ta ɓace. Tuta ta tashi sama: waje.

Dogo ya nemi bidiyo. Alƙaliyar wasa ta busa usur, kowa ya juya ga allo. Aka ga ƙwallo tana saukowa a hankali, ta dira bayan igiya da kamar faɗin yatsa. Waje ce. Fili ya ɗauki tafi, mijin yayata ya gyara wuyan riga, yayata ta dungure ni tana murmushi.

Matsalar ita ce mai na'urar ya sake nuna wasan ta ɗaya kyamarar, wadda ta ɗauko kusurwar gaba ɗaya. Ga ƙwallo tana dira, ga Mai Tuta ya karkata kai, ido a rufe, ɗan yatsa cikin kunne yana ƙwaƙulo yashi, fuskarsa cike da jin daɗi. Sai da ƙwallo ta gangara ya buɗe ido, ya leƙa Dogo wanda ya dafe kai, sannan ya ɗaga tuta da ƙarfin zuciya.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Yayata ta ja mayafi ta rufe fuska, amma kafaɗunta na rawa.

Bayan wasa alƙaliyar ta kira shi gefe. Na matsa don kada a ba ni labari.

"Malam, tun yaushe ka daina ganin ƙwallo?"

"Ranki ya daɗe, ina ganinta. Wani lokacin ma biyu nake gani."

"To da me kake hukunci?"

"Wanda ya buga nake dubawa. In ya dafe kai, waje ce."

Dogo, wanda aka cinye a wasan, yana bayansu yana shan ruwa, ya ƙware. "Wato da na yi murna da na ci kofi?"

"Da ka ci," in ji shi, ko kunya babu.

Alƙaliyar ta karɓi tutar, ta ce ba zai sake riƙe ta ba sai da tabarau. Ya yi fushin da ya hana shi zuwa filin tsawon damina, ana ta turo masa hoton kunnensa a waya. Daga baya yayata ta tasa ƙeyarsa zuwa asibitin ido. Ya dawo da gilashi mai kauri kamar gindin kwalba, ya zauna ya ƙura mata ido.

"Ashe kin yi furfura?"

"Tun kafin auta ya yi rarrafe. Kai kuma je ka duba madubi, akwai labari a tsakiyar kanka."

An mayar masa da tutarsa. Yanzu yana ganin ƙwallo sarai, shi ya sa in Dogo ya yi tsalle yake ja da baya, don ya ce da can bai san da irin wannan gudun take zuwa ba.