Kaporal Tatsuniya

Duk wanda ya taɓa shan shayi a rumfar da ke bakin shagon Alhaji Hassan, cikin unguwar Hausawa ta Garwa a ƙasar Kamaru, ya san Malam Hashim mai gadi. In bai san fuskarsa ba, ya san ƙafarsa ta hagu, wadda yake ja a ƙasa kamar aro ya yi ta. In kuma ya yi gangancin tambayar abin da ya sami ƙafar, to ya yi ban kwana da shayinsa, don sai ya huce kafin a fito daga Bakassi.

Labarin ba ya canzawa. Yana soja, kaporal, wato kofur, aka kai su bakin teku lokacin rikici da Nijeriya. Taɓo har gwiwa, sauro kamar fara. Wata safiya ƙarfe ya shige masa cinya, amma bai yar da abokinsa da ya goyo ba sai da ya kai shi jirgin ruwa.

Ba wanda ya yarda. Mutumin da ke gyangyaɗi a kan benci, akuya ta cinye masa biredi a hannu, shi ne zai goyo ƙato a cikin ruwan harsashi? Ziyad, ɗan Alhaji Hassan, wanda ya yi boko har jami'a ya dawo yana zaman kanti, shi ya raɗa masa Kaporal Tatsuniya. Sunan ya bi gari. Har 'yan babur in sun wuce sai su sara masa da hannun hagu.

"Baba Kaporal," in ji Ziyad, "ni fa an ce min babur ne ya kaɗe ka a gadar Binuwai."

"Ubanka ne ya tuƙa babur ɗin?"

"To ina takarda? Ko jakin soja yana da takarda."

A nan kullum tsohon yake sauya zance. Takarda akwai ta, tana can Yawunde cikin kabad ɗin gwamnati. Sai dai wanda ya je Bakassi ba Hashim ba ne sunansa. Zacharie ne, ɗan wani manomi daga duwatsun Mokolo. Bayan ya bar soja ya sauka Garwa, ya musulunta, liman ya ba shi suna. Da ya shigo unguwar ya tarar ba a zama a rumfa sai da kaka. Wannan kakansa daga Kano ya zo da goro, wancan daga Katsina da fata. Mutanen dutse kuwa su ke dako, su ke haƙa shadda, ana kiransu da sunan da ba shi da daɗin ji. Ranar da aka tambaye shi nasa, sai ya ji bakinsa ya ce Haɗeja. Bai taɓa ganin Haɗeja ba, a bakin wani direba ya ji sunan. Ya ƙera kaka mai suna Mamman, ya ɗora masa rawani da jakuna. A kan wannan kakan ya yi aure, a kansa ya haifi 'yarsa Khaula, a kansa ya binne matarsa.

Ƙaryar Haɗeja kowa ya haɗiye ta ba ruwa. Gaskiyar Bakassi ce ta maƙale musu a wuya.

Abin da ya tunzura shi ƙarami ne. Ranar bikin ƙasa tsofaffin sojoji suka wuce a jere da lambobinsu a ƙirji, ya miƙe ya ƙame a bakin titi. Ziyad ya zagayo ta baya ya rataya masa murfin kwalbar lemo da zare. Jikansa, ɗan Khaula, yana cikin masu dariya. Tsohon ya ga haƙoran yaron, ya ji abin har cikin cinyar.

Washegari ya ja ƙafa zuwa ofishin tsofaffin sojoji. Wata mata mai tabarau, Madam Geneviève, ta tambaye shi suna.

"Hashim."

"Sunan da ka shiga soja da shi, Papa."

Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya sunkuyo kamar zai sayi abin haram. Ya faɗa. Lambarsa ta soja kuwa ya zubo ta da Faransanci ba gargada, har ya ƙame a kujera.

"Ba za a iya rubuta Hashim a kai ba?" ya ce. "Ai ni ne."

"Papa, ni ba na haihuwar mutane. Abin da ke cikin dosiye, fayil ɗinka na soja, shi za a aiko."

Ya yi ta zarya. Zafin Garwa ya gama gasa gari, damina ta sauka, kogi ya cika ya koma. Kullum Madam ta ce Yawunde ba ta amsa ba. A rumfa kuma Ziyad ya samu sabon wasa: "Baba Kaporal, janar bai sa hannu ba har yanzu?" Ana gab da sanyi takardar ta iso, da tambari da komai. Madam ta karanta masa. Bakassi na ciki, raunin na ciki, har yabon da aka yi masa kan abokin da ya goyo. Sunan kuma yana can sama, da manyan baƙaƙe, da ƙauyen, da sunan ubansa.

Sai dabara ta zo masa, irin ta wanda bai san halin 'yan boko ba. Ya naɗe saman takardar baya, ya danne da babban yatsa. Ya sa farar riga ya nufi rumfa bayan la'asar, lokacin da benci ya cika.

"Kai, mai jami'a. Zo ka karanta. Daga nan zuwa ƙasa."

"In riƙe mana, Baba."

"A hannuna za ka karanta."

Ziyad ya sunkuya ya fara, yana juyawa da Hausa. Kaporal. Bakassi. Rumfar ta yi tsit, mai shayi ya tsaya da buta a sama. Tsohon ya ji ƙirjinsa na buɗewa, ya ɗaga kai don ya ga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga kan nan ne ya sassauta yatsan. Ziyad ya zare takardar kamar kifi, ya warware naɗin.

"A'a! Wane ne kuma Zacharie?"

"Ba ni kayana."

"Jama'a, ku tsaya. An haife shi a... kai, wannan ƙauyen sai da tsani ake hawansa. Mokolo! Baba, ashe Haɗejar taku a kan dutse take?"

Dariya ta fashe har wani ya ƙware da shayi. Wani ya tambaya ko jakunan Mamman sun iya hawan dutse. Wani ya ce shi dama ya daɗe yana mamakin yadda Kaporal ke cin tuwon dawa kamar mai fushi da shi. Alhaji Hassan bai yi dariya ba. Ya dai janye ƙafarsa kaɗan daga gefen tsohon, ya ce, "Musulunci ai na kowa ne, Malam. Zama da mu da ka yi kana mana ƙarya, shi ne abin."

"Ku karanta ƙasan," in ji Hashim. "Akwai maganar ciwon. Akwai yabo. Ziyad, don Allah karanta musu ƙasan."

Ziyad ya miƙa masa takardar, yana share hawayen dariya. "Mun yarda, Baba Zacharie. Ka je Bakassi. Sai me?"

Kafin magariba labari ya riga shi gida. Ya tarar da Khaula a ƙofar ɗakinsa, mayafi a karkace, ko sallama ba ta amsa ba. Ita ce ta sha faɗa da matan unguwa a kan asali. Ita ce ta tsaya kai da fata ranar suna sai an sa wa ɗanta Mamman.

"Baba, sunan wa na sa wa yarona?"

Ta matso kusa da shi.

"Akwai mutumin ma kuwa?"

"Babu."

"Can dutsen fa? Kana da uwa? Tana raye lokacin da aka haife ni?"

Ya sunkuyar da kai. Tana raye a lokacin, bai taɓa aika mata ko gaisuwa ba. Ya lalubo takardar daga aljihu, ya miƙa mata da hannu biyu, ta wajen ƙasan.

"Amma Bakassi gaskiya ce, Khaula. Duba nan."

"Wa ya tambaye ka Bakassi?" ta ce, ta gyara mayafinta ta fita.

Har yau yana gadi a shagon. Ba ya ba da labari kuma, ba mai nema. 'Yan babur sun daina sara masa. In sun wuce sai su ɗaga murya su tambaye shi ko an yi ruwa a kan dutse bana.